Kabewa a Gwangwanin Madara

Da kakar da aka ce Baba yana da ciwon sukari, ni na raka shi asibitin mishan, saboda ni ake wa kallon mai boko a gidan, ko da yake bokon nawa bai taka kara ya karya ba. Shekarata goma sha tara, ina koyar da 'yan aji ɗaya a firamaren ƙauyenmu da ke gefen hanyar Kafur. Ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da takin zamani ya shigo, masara ta fara ture dawa daga gonaki tun daga Funtua har Malumfashi. Baba yana cikin manoman da ake kwatance da su. Rumbu huɗu gare shi a bayan gida, kuma in baƙo ya zo sai ya san dabarar da ya yi ya bi da shi ta wajen.

Likita ya sa aka gwada fitsarinsa, ya yi dogon bayani da Turanci. Ma'aikacin da ke fassara ya dunƙule bayanin gaba ɗaya ya ce, "Baba, an ce ka bar sukari, ka bar hatsi."

Baba ya ce, "Sukari dama ba abokina ba ne. Hatsin, wanne daga ciki?"

"Duka."

Baba ya juyo ya dube ni kamar da ni aka haɗa baki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ya ce, "Uwata, tambaye shi da Turancinku, wataƙila wannan bai ji da kyau ba." Na tambaya da ɗan Turancina mai rawa. Likita ya ɗauko wata takarda mai jerin sunayen abinci, ya bi fiye da rabinta da jan biro yana sokewa, ya miƙo mini.

Takardar nan ta hana gidanmu sakat. Kullum da safe Inna, mahaifiyata, za ta tsaya a kaina da muciya a hannu ta ce in karanto. Dawa an soke. Gero, masara, shinkafa, duk an soke. Ta ce to acha fa, ai ita ba a kai ta rumbu. Na duba, babu acha a takardar sam, ba a soke ta ba, ba a kuma bar ta ba. Matar Fasto ta ce yayanta da ke Zariya mai irin ciwon ne, tuwon alkama yake ci kullum, ga shi nan garau. Na duba, alkama an soke ta har sau biyu, biron ya kusa huda takardar. Rogo da dankali ba hatsi ba ne, kowa ya sani, amma su ma jan biro ya bi ta kansu. Wake kuwa, da ake shukawa a gindin dawa su tashi tare, shi an bar shi. Inna ta ce in bayyana mata wannan. Na ce ban sani ba. Ta ce, "To me ake koya muku a makarantar?" Haushi ya kama ni, don ni ma tambayar da nake wa kaina ke nan.

Abin da ya rage wa Baba shi ne wake, ganye, gyaɗa, ƙwai, da nama in an samu. Inna ta yi iya yinta. Yau dafaffen wake, gobe alala, jibi kwaɗon zogale. Sai ya sa hannu sau uku ko huɗu ya ture kwanon. In wani ya shigo gaisuwa ya tambaye shi jiki, sai ya ce, "Jiki da sauƙi, sai dai yau wata guda rabona da abinci." Yana faɗar haka wake na manne a yatsunsa. A wurinsa abin da ba a tuƙa da muciya ba, ba abinci ba ne.

Amma ba yunwa kaɗai ke cinsa ba. A ƙofar gidanmu akwai ceɗiya, kuma a gindinta magidantan unguwa suke ciyayya tun kafin a haife ni. Da rana ta faɗi kowane maigida zai fito, akushin tuwon gidansa ya biyo shi. Baba da Baffa, ƙanensa, da sauran 'yan coci sukan zauna su jira maƙwabtanmu Musulmi su idar da sallar magariba, sannan a haɗa akusa a tsakiya, kowa ya yi addu'a irin tasa, a buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Ka'idar wurin guda ce, ba wanda ya taɓa faɗinta don kowa ya santa: ba ka fitowa hannu rabbana, kuma ba ka tsallake akushin kowa. In ka janye hannu daga tuwon mutum, ka ce matarsa ƙazama ce ke nan, ko kana zargin an zuba maka wani abu. Ga mu kuma Kirista, sai a ce addini ne ya sa muka fara ƙyamar mutane. Babban abokin Baba a wurin shi ne maƙerin unguwa, wanda muke kira Malam, tare suka yi kiwon awaki suna yara.

Tun ranar da muka dawo daga asibiti Baba ya daina fita. Inna ta taɓa cewa ya ɗauki kwaɗonsa ya je ya zauna da su ko don hira. Ya dube ta ya ce, "Mai rumbu huɗu ya fita da ganye a kwano? In ce musu me, gobara muka yi?" Sai ya koma shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗaki. Daga nan ana jin dariyarsu ta kan katanga, shi kuma yana zaune yana jujjuya wake. Kafin a gama ɗaurin dawa rigarsa ta fara yi masa yawa, wuyansa ya fito. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na ga ciwon da aka ce zai kashe shi bai ma fara ba, ga shi yana ƙarewa a gabanmu.

A lokacin akwai wata Baturiya, matar wani ɗan mishan, da ke zuwa ranar Alhamis tana koya wa matan zumuntar coci ɗinki. Tana jin Hausa, sai dai in tana yi kamar tana taka ƙaya. Na kai mata kukana bayan an tashi. Ta tambaye ni ko muna da kabewa. Na kusa yin dariya. Kabewa a gidanmu ta hau danga, ta hau rufin ɗakin girki, har ƙarƙashin gadon Inna an jera ta. Ta ce a ƙasarsu ta taɓa yi wa mahaifiyarta wasu ƙananan kek da kabewa, babu fulawa babu sukari, da garin wani ɗan itace da ba mu da shi, amma tana jin gyaɗa za ta yi. Ta rubuta mini a bayan wata ambulan: garin gyaɗa kofi biyu, kabewa kofi ɗaya, ƙwai uku, ƙaramin cokali na hodar da ke sa kek ya tashi. A ƙasa ta rubuta wata lamba mai ɗari uku da wani abu, ta ce zafin wutar ke nan.

Na dawo gida ina kallon lambar, ina kallon murhunmu mai duwatsu uku. Har yau ban san inda ake karanta lamba a jikin kara da totuwa ba.

Matar Fasto ce ta gaya mini yadda matan bariki ke gashi ba tare da tanda irin ta Turawa ba. A zuba yashin rafi a gindin babbar tukunyar ƙarfe, a ɗora a wuta ya yi zafi, a jera abin gashin a kai, a rufe, a zuba garwashi a kan murfin. Mazubi kuwa gwangwanayen madara na tara daga wurin mai shayi, na yanke bakinsu, na daddake da dutse don kada su yanke ni. Bakwai ne suke shiga tukunyar.

Gwajin farko abin kunya ne. Baturiya ta ce kofi, ba ta ce wane kofi ba, ni kuma na ɗauki moɗar randa. Kabewar na dafa ta luguf cikin ruwa yadda muka saba. Gyaɗar na soya na kirɓa a turmi ina jiran ta zama gari, ita kuwa ta yi abin da gyaɗa ta saba yi, ta zama tunkuza tana tsatsafo da mai. Hoda ba ni da ita, na ce ba komai. Na haɗa, na zuba, na rufe, na zauna a gaban tukunya kamar mai jiran haihuwa. Da na buɗe, mai ne ke tafasa a saman kowane gwangwani, ƙasan kuma wani abu ne ruwan ɗorawa mai motsi. Inna ta leƙo, ta sa yatsa ta lasa, ta ce, "Sannu da aiki. Miyar taushe kika gasa. Saura ki gasa mana tuwon."

Na ce kuskuren gyaɗa ne, sai na daka ƙuliƙuli. Na manta da gishirin da ke cikinsa, na manta an riga an soya shi sau ɗaya. Maimakon hoda kuma na ce ai kanwa ma tana sa abu ya yi laushi, ga ɗanwake shaida, na jiƙa na zuba. Wannan karon sun ƙame, sun fito daga gwangwani, amma launinsu tsakanin kore da baƙi, ɗanɗanonsu kamar an wanke tukunya da sabulu ba a ɗauraye ba. Baffa ya shigo a daidai lokacin, ya gutsura don kara, ya daɗe yana taunawa, ya ce, "'Yar nan, wannan shi ne maganin, ko shi ne ciwon?"

Ban ƙirga sau nawa na sake ba. Na san dai Inna ta fara ɓoye ƙwan kajinta, tana cewa na cinye mata 'yan tsakin bana tun ba su ga duniya ba. Na san na shiga mota har Funtua na sayo hodar a kanti, a ɗan gwangwani mai murfi. Wata rana saman ya ƙone ciki ɗanye, wata rana gindin ya kama yashi, wata rana su tashi su yi kyau ina buɗewa su lotsa a idona. Abin da ya fi ɗaure mini kai, sai in yi abu iri ɗaya sau biyu ya ba ni sakamako biyu. Na koma wurin Baturiya, ta ce wataƙila ruwa ya yi yawa. Inna ta ce wataƙila wuta. Matar Fasto ta ce wataƙila ina buɗe murfi da wuri. Baffa ya ce wataƙila kabewar ce ba ta jin Turanci. Duk wannan abin Baba yana zaune a kan buzunsa yana kallona ina shiga hayaƙi ina fita, bai taɓa tambayar me nake yi ba.

Ranar da abin ya yi, wata Asabar ce da la'asar. Na bar dafa kabewa a ruwa, na binne rabinta cikin toka mai zafi har ta nuna, na kankare naman, na matse a tsumma. Tunkuzar da Inna ta matse wa mai, kafin ta sa gishiri na ɗebi rabona, na shanya kwana biyu a faifai, na daka na tankaɗe. Na kaɗa ƙwai da maburgi har hannuna ya gaji, na sa 'yar citta da kanumfari. Kofin kuwa na shayi ne na aro. Da na soka tsinken tsintsiya ya fito a bushe, sai na tsaya ina kallonsa ban yarda ba. Bakwai ɗin duka sun tashi sun yi tozo, sun yi ja, ƙamshi ya cika tsakar gida. Mafi yawan abubuwan nan na taɓa yinsu a baya ba su yi ba. Me ya bambanta ranar, ban sani ba.

Na juye su a faranti na kai wa Baba, na durƙusa. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya shinshina, ya ɓare shi biyu, tururi ya tashi. Ya ci rabi a hankali. Sai ya ci ɗaya rabin. Idona ya ciko, don rabon da in ga ya koma wa abu karo na biyu da son ransa har na manta.

Ya ce, "Uwata, me sunansa?"

"Kek, Baba."

"Irin na Turawa?"

"Irinsa."

"Babu hatsi?"

"Ko ƙwaya ɗaya."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi sama, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Ya ce, "Ɗauko mini akushina da hulata."

Na ɗauka so yake ya ci a cikin akushi don ya ji kamar da. Har murna nake ina goge ƙurar da ta hau shi. Ya jera shidan da suka rage da hannunsa, ya rufe da faifai, ya sa hula, ya miƙe. Sai da na ga ya nufi zaure na gane. Na waiwaya wurin Inna, ita ma ta tsaya da ludayi a hannu. Ba wadda ta hana shi a cikinmu. Ya za a yi ka tare maigida a ƙofar gidansa?

Na bi shi na laɓe a zaure inda nake hango gindin ceɗiya. Malam maƙeri ne ya fara ganinsa, yana naɗe buzun salla. Ya ce, "A'a, yau wa nake gani? Har mun fara shawarar raba gadon wurin zamanka." Aka yi dariya, aka matsa masa. Baba ya zauna, ya tura akushinsa tsakiya yadda ya saba, ya ce, "Ku fara da wannan. Abincin Turawa ne, Uwata ce ta yi. Ko a Kaduna sai gidan manya."

Su tara ne a wurin, kek shida. Aka ɓaɓɓare aka raba. Wani ya ce wannan ai alkaki ne da bai sha zuma ba. Wani ya rantse akwai nama a ciki. Da Baba ya ce kabewa ce, Malam ya ce ƙarya ne, shekara hamsin yana cin kabewa ba ta taɓa yi masa wannan fara'ar ba. Baba yana ta bayani, yashi kaza, garwashi kaza, kai ka ce shi ya sha hayaƙin. Muryarsa ta dawo. Ni kuwa ina ƙirgawa daga zaure, abin da ya shiga bakinsa bai fi loma ɗaya ba.

Sai aka ture akushinmu gefe, Malam ya jawo nasa ya buɗe. Tuwon dawa ne da miyar kuka. Kowa ya miƙa hannu. Na ga Baba ya ɗan tsaya, hannunsa a kan gwiwa. Ba wanda ya ce masa ci, ba wanda ya ce kada ya ci. Sun ci nasa, saura ya ci nasu, haka abin yake tun kakanni. Ya naɗe hannun riga ya yanko loma. Bayan na Malam aka jawo na Baffa, tuwon masara, nan ma ya ci. Har akushi na ƙarshe bai tsallake ko ɗaya ba.

Na koma ciki. Mako biyar ina fama da yashi da hayaƙi don in raba shi da hatsi, ashe hanyar komawa wurin hatsin nake share masa. Da ya shigo yana sakace haƙori, ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Alhamdu lillahi, yau na ci abinci." Ya dube ni ya ce, "Gobe ki ƙara yawansu, ba su isa ba."

Na yi washegari, na yi jibi, don ban san yadda zan ce a'a ba. Na gwada dabara. Na ce ya ci biyu a ciki kafin ya fita, don cikinsa ya ɗan cika. Ya ce ba a zuwa ciyayya da ƙoshi, za a ga hannunka yana nawa a ce raini ne. Inna ta bi ta bayan gida ta yi magana da matar Malam, washegari akushin Malam ya fito da wake. Baba ya dawo ransa a ɓace, ya ce an mai da shi majinyaci a gaban tsararsa, kada a sake. Ranar Alhamis Baturiya ta tare ni da fara'a ta ce, "Yana ci?" Na ce yana ci. Ta tafa hannu ta ce ta gode wa Allah. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, na dawo gida ina jin haushin kaina da ita da kabewar gaba ɗaya.

Sai na daina. Na kife tukunya, na zubar da yashin a bayan ɗaki. Na ce in babu abin fita da shi ba zai fita ba, in bai fita ba ba zai ci tuwo ba. Lissafin ya yi daidai. Kwana huɗu Baba bai fita ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Ya koma kan buzunsa, kwanon wake a gabansa yana hucewa, in an yi dariya a waje sai ya ɗan karkata kai. A rana ta biyu Malam ya yi sallama a zaure ya tambaya ko lafiya, Baba ya ce a ce masa yana barci.

Rana ta biyar ina wucewa da tulu ya ce, "Uwata, ashe yashi ya ƙare a rafi?"

Na ajiye tulun na durƙusa. Na ce, "Baba, ba don su nake yi ba, don kai nake yi. Kai kuma ba ka ci, tuwo kake ci. Likita ya ce hatsi zai kashe ka."

"Ya faɗi rana?"

"A'a."

"To zaman nan da nake yi fa, ya gaya miki shi kwana nawa yake ɗauka?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "Ban ce likita ya yi ƙarya ba. Ina jin abin a ƙafafuna, ina ji a idona. Amma mutanen nan da su na girma. In na mutu su za su ɗauke ni, har waɗanda ba sa shiga coci za su tsaya a bakin kabari. Kina so su ɗauki mutumin da ya ƙi tuwonsu?" Bai ɗaga murya ba. Ya jawo kwanon waken ya sa hannu, kamar maganar ta ƙare.

Na sami Inna a ɗakin girki na ce ta gaya mini abin da zan yi. In na gasa zai ci tuwo, in ban gasa ba ba zai ci komai ba. Ta ce, "Ni kike tambaya? Tambayi takardarki." Na ce takarda ba ta san ceɗiya ba. Ta ci gaba da iza wuta. Na fita na zauna a kan turmi ina kuka, kukan haushi da na rashin sanin abin yi. Can sai ga ta ta zo ta tsaya a gabana, ta kwance bakin zanenta, ta ajiye mini ƙwai uku a cinya, ta koma ɗakin girki. Na ɗauki kwano na tafi rafi ɗebo yashi.

Daga ranar kusan kullum sai na gasa. In kabewa ta ƙare a ƙarƙashin gado, Baffa ya nemo a kasuwar Danja ko ta Malumfashi. Na sami tukunya ta biyu. Hannuna ya saba har ba na buƙatar tsinke, da ƙamshi nake ganewa. Safe da rana Baba yana bin takarda sau da ƙafa, ba koko, ba fura, wakensa yake ci ba musu, har ya ɗan yi kumari. Da yamma kuma ya sa hula ya ɗauki akushi. Duk wata in na raka shi asibiti ma'aikacin zai duba gwaji ya girgiza kai ya ce, "Ana kiyaye abincin nan kuwa?" Baba ya ce, "Tambayi Uwata, ita ke yi mini na musamman." Ni kuma in sunkuyar da kai.

Shekara biyu muka yi a haka. Da damina ta biyu kaifin fartanya ya ɗan yanke shi a ɗan yatsan ƙafa, ciwon da yaro ma ba zai yi wa kuka ba, ya ƙi warkewa. Idonsa ya fara hazo. Ko da ƙafar ta hana shi takawa, Baffa da Malam ne suke riƙo shi zuwa gindin ceɗiya, ni in biyo su da akushi. Mun kai shi asibiti ana yankan gero, a can ya rasu. Wani ma'aikaci ya ce wa Inna, ba da faɗa ba, da an tsare abincin sosai da wataƙila ya ƙara shekaru. Wataƙila, ya ce. Inna ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

Ranar uku, da mutane suka ragu, aka ce Malam yana zaure yana son ganina. Na fita na durƙusa na gaishe shi. Yana tsaye yana murza carbi. Sannan ya ce, "'Yar nan, Allah ya yi miki albarka. Mun riga mun rasa shi tun wancan karon, yana da rai muna jin tarinsa ta kan katanga. Ke kika dawo mana da shi shekara biyu."

Na ce amin, don abin da ake cewa ke nan. Na koma ciki na zauna kusa da Inna. Yanzu na girmi Baba a shekarun da ya rasu, na yi 'ya'ya na yi jikoki, na kuma tambayi masu ilimin abin fiye da sau ɗaya, kowa da amsar da yake ba ni. Har yau ban sani ba ko shekara biyun nan ni na ba shi su, ko kuwa su kaɗai na bar masa.